Base64 Ba Makulli Ba Ne

Duk lokacin da manhajar waya ta nemi wani bayani daga uwar garke, misali ragowar kuɗin asusu, saƙon yana tafiya ne cikin tsarin da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Biyu ne suka fi shahara: XML, wanda ƙungiyar W3C ta fitar a 1998, da JSON, wanda Douglas Crockford ya yayata a farkon shekarun 2000. Duka biyun rubutu suke ɗauka, don haka hoto ko fayil sai an mayar da shi haruffa ta hanyar Base64, mai alamomi 64.

A nan ɓarakar take. Masu haɗa manhaja da dama, da zarar sun ga kalma ta rikiɗe, sai su ɗauka an kulle ta. Sam ba haka ba ne. Kalmar "Kano" a Base64 ita ce S2Fubw==, kuma duk mai kwamfuta zai dawo da ita yadda take nan take, ba tare da mabuɗi ba. Tamkar wasiƙa ce aka juya daga boko zuwa ajami: wanda ya iya karatun zai karanta.

Abin takaici, da wannan gurguwar fahimta ake cusa kalmar sirri da lambar banki ta BVN cikin saƙo. Tsohuwar hanyar tantancewa ta Basic sunan mutum da kalmar sirrinsa kawai take jerawa a Base64. Haka tikitin shiga na JWT: sa hannun da ke jikinsa yana tona asiri idan an sauya bayanan, amma ba ya hana a karanta su. Bayanan jama'a amana ne, kuma wannan sakaci cin amana ne.

Saboda haka kada saƙo ya fita sai ta HTTPS. Kada a saka sirri cikin JWT, a kuma taƙaita wa'adinsa. Bayanin da ke buƙatar kullewa a kulle shi da sanannen tsari irin AES, a ajiye mabuɗin daban, ban da cikin manhajar da kowa ke saukewa. Kalmar sirri kuwa a adana ta da bcrypt ko Argon2, waɗanda ba a juya su baya.