Kafin a Shafa wa Daɓe Fenti a Abare

A yawancin garuruwa tsagar daɓen siminti muni ce kawai. A Abare, cikin ƙaramar hukumar Anka, magana ce ta lafiyar yara. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, inda a lokacin ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Bayan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ankarar da duniya, an kankare saman ƙasar gidaje an zuba sabuwa, ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aikin ya iso shi. Yara fiye da 400 aka rasa.

Sai dai dalma ba ta ruɓewa, haƙar zinariya kuma ba ta tsaya ba. Ƙurar da ta biyo tufafin mai haƙa ta faɗa tsaga, tsintsiya ba ta ciro ta, amma yatsan yaro mai rarrafe yana kai mata. Maigida ya ga tsagar, sai ya sayo fenti ya rufe. Fenti ba ciko ba ne. Da daɓen ya ɗan motsa fentin zai yage daidai kan tsagar, kuɗi sun tafi, ƙura tana nan.

Daɓe yakan tsage tun daga kwaɓi. Birkila ya cika ruwa don aikin ya yi masa sauƙi, ruwan ya ƙafe, siminti ya tsuke. Ko a zuba shi kan cikon da ba a daddaɓe ba. Ko iskar hunturu ta busar da shi kafin ya yi ƙarfi, domin siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da bushewa ba. Wannan ne mutane suka fi kasa yarda da shi.

Gyaran yana farawa da kunne. A ƙwanƙwasa gefen tsagar: inda ya yi ƙarar fanko, ya rabu da ƙasa, sai a fasa wurin gaba ɗaya. Inda yake da ƙarfi, a faɗaɗa bakin tsagar da guduma da ƙarfe mai kaifi don sabon kwaɓi ya sami wurin kamawa. A Abare akwai ƙarin sharaɗi: a fitar da yara, a jiƙa wurin kafin a sa guduma, kada a yi busasshiyar shara, ɓaraguzan kuma a ƙulle su a buhu a fitar da su daga gida, nesa da rijiya da wurin wasan yara. Daga nan a wanke, a cike da kwaɓin siminti kwano ɗaya, yashi mai tsabta kwano uku, a yi ta ban-ruwa har kwana 7. Tsagar da ke ƙara buɗewa duk damina kuwa matsalarta a ƙasa take, ciko ba zai riƙe ta ba.

Fenti sai bayan kwana 28. Ko a lokacin, a shimfiɗa leda a kan daɓen, a manne gefunanta, ta kwana. In da safe an ga gumi a ƙarƙashinta, akwai sauran laima, fentin zai ɓare. A kuma duba jikin gwangwanin, domin wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, da dalma ake haɗa su.