Lamba 2,147,483,647: Asalinta da Ajinta a Ilimin Lissafi

Wanda ya ga lamba 2,147,483,647 zai ɗauka tarin alƙaluma ne kawai, biliyan biyu da 'yan kai. A wurin masana lissafi kuwa, kowace lamba tana da asali da aji, kuma wannan tana cikin fitattu.

Hanyar samunta ba wuya. Ka ɗauki 1 ka ninka shi ya zama 2, ka sake ninkawa ya zama 4, sannan 8, haka har sau 31. Za ka isa 2,147,483,648. Cire ɗaya, ga lambarmu. Duk halayenta daga wannan gini suka samo tushe.

Da farko dai mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. Abu na biyu, kuma mafi girma, ba ta rabuwa. Babu lambar da za ta raba ta daidai ba saura, in ba 1 ko ita kanta ba. Ajinsu ɗaya ke nan da 2, 3, 5, 7 da 11.

A cikin lambobi marasa rabuwa akwai wani dangi na musamman, waɗanda ake samu ta hanyar ninka 2 a cire ɗaya. Ana kiransu da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Na farkonsu su ne 3, 7, 31 da 127, tamu kuma ita ce ta takwas. Kada a zaci duk lambar da aka gina haka ba ta rabuwa. Ninki 11 a cire ɗaya yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Saboda haka sai an gwada kowace.

Wanda ya tabbatar da tamu shi ne Leonhard Euler, ɗan Suwizalan, a 1772, lokacin da babu kwamfuta. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. An riga an san cewa duk mai raba wannan lamba dole ta kasance ninkin 62 da ƙarin ɗaya, kuma ba sai an wuce 46,340 ana nema ba. Da irin wannan dabara aikin ya ragu ƙwarai.

Yau lambar tana da aiki a cikin na'urori. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙidaya. Tsarin da ya daɗe ana amfani da shi yana ware gurbi 32 ga lamba guda: ɗaya na nuna ko tana sama da sifiri ko ƙasa, saura 31. In duk suka cika da 1, an kai 2,147,483,647, ƙidaya ta tuƙe. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970, kuma ƙirgen zai kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu, 2038. Wadda ba a gyara ba, agogonta zai koma 1901. Shi ya sa ake komawa tsarin gurbi 64.

Neman 'yan uwan lambar a dangin Mersenne bai tsaya ba. A Oktoban 2024 an gano ta 52 cikin waɗanda aka sani, mai alƙaluma sama da miliyan 41. Ɗalibin da yake son ya gane irin waɗannan, ya fara da ƙanana: ya raba 127 da hannunsa, ya ga ko za ta rabu.