Gawut: Ciwon Gaɓar da Aka Gano Sirrinsa, Amma Ake Ta Shan Azabarsa

Mutum zai kwanta lafiya ƙalau, can tsakar dare wani azababben ciwo ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafarsa. Kafin asuba wurin ya kumbura suntum, yana sheƙi, in an taɓa zafi rau. Ko mayafi ne ya gogi yatsan sai ya yi ƙara. Takalmi ba ya shiga, taka ƙasa ya gagara, sallar asuba sai a zaune. Bai yi tuntuɓe ba, bai yi targaɗe ba, kunama ba ta harbe shi ba. Bayan mako guda ko biyu ciwon ya lafa don kansa, mutum ya yi ta yabon maganin da ya sha daga ƙarshe. Bayan wata shida ko shekara, sai ga shi ya dawo.

Wannan shi ne gawut. Wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, wanda shi kansa ya daɗe yana fama da shi, ya siffanta shi tun 1683 kusan yadda ake ganinsa a yau. An ƙiyasta cewa a 2020 mutum kusan miliyan 56 ke ɗauke da shi a duniya, maza sun ninka mata wajen sau uku. A wurinmu akasari "sanyi" ake ce masa tare da kowane irin ciwon gaɓa, a aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar kashe zafi, a shafa man zafi, a yi gashi. Abin takaicin shi ne, a duk cututtukan gaɓɓai da wuya a sami wanda masana suka gano musabbabinsa tas kamar gawut, ko wanda magani mai araha ke iya kwantar da shi gaba ɗaya kamarsa.

Sai dai dole a raba shi da 'yan'uwansa tukuna, domin maganin wani ba ya yi wa wani. Wanda ya fi yawa shi ne zaizayewar guringuntsi, ciwon gwiwa da ƙugu da ke zuwa da shekaru, ko ƙiba, ko tsohon rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke da shi. Shi tafiya da hawa bene da tashi daga tsugune ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi. Har yau ba a sami ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya zaizaye ba. Abin da bincike ya tabbatar yana taimakawa shi ne motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, da rage ƙiba, in abin ya yi tsanani a yi aikin sauya gaɓa. Na biyu shi ne amosanin da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓai, wanda ya kama mutum miliyan 18, kashi 70 cikin 100 mata. Yakan kama ƙananan gaɓɓan hannu hagu da dama a tare, mace ta tashi da safe yatsunta a sandare har sa'a guda ba ta iya riƙe muciya. Shi ma an ci gaba sosai a kansa: akwai maganin metotirekset da ake sha sau ɗaya a mako, akwai kuma allurai masu tsada da suka samo asali daga aikin Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan a farkon shekarun 1990. Sharaɗinsa a fara da wuri, kafin yatsu su karkace.

Gawut daban yake da su duka. Shi dai wani sinadari ne mai suna yurik asid yake yin yawa a jini. Kowa yana da shi, domin jiki ne ke samar da shi a duk lokacin da yake rushe tsofaffin ƙwayoyin halittarsa, da kuma wani ɓangare na abincin da aka ci. Galibin dabbobi suna da wani sinadari a hanta da ke narkar da shi, ɗan Adam ba shi da wannan, don haka sai dai ya fitar da shi: kusan kashi biyu cikin uku ta ƙoda a cikin fitsari, ragowar ta hanji. Jini yana da iyakar abin da zai iya narkarwa, wajen miligiram 6.8 a kowace desilita. In an wuce nan, sai ya zama kamar shayin da aka zuba wa sukari fiye da kima: abin da ya ƙi narkewa ya kwanta a gindin kofi, balle in shayin ya huce. Shi ya sa babban yatsan ƙafa ke fara shan wahala, don yana cikin wuraren da suka fi sanyi a jiki. Daga nan idon sawu, gwiwa, wuyan hannu da gwiwar hannu su biyo baya. Abin da ke kwantawa a gaɓar 'yan ƙananan ƙanƙara ne masu tsini, ido ba ya ganinsu. Sukan yi shekaru suna taruwa shiru, ranar da garkuwar jiki ta farga da su ta far musu, ranar ce mutum ba ya barci.

Ba a dare ɗaya aka gano wannan ba. A 1679 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango ƙanƙarar nan a madubinsa mai ƙara girman abu, bai san ko mece ce ba. A 1848 Alfred Garrod, likita a Landan, ya nuna cewa masu gawut suna da yurik asid fiye da kima a jininsu. Daga baya ya fito da wata dabara mai ban sha'awa: ya ɗebi ruwan jinin majinyaci, ya ɗiga masa ɗan tsami, ya tsoma siririn zare, ya ajiye. In an dawo sai a tarar ƙanƙarar ta manne a jikin zaren. A 1961 Daniel McCarty da Joseph Hollander a Amurka suka nuna ƙanƙarar a cikin ruwan da aka zuƙo daga kumburarriyar gaɓa, kuma har gobe wannan ne gwajin da ya fi kowanne tabbaci. Sai a 2006 masana a birnin Lausanne na Siwizalan suka gano ainihin hanyar da ƙanƙarar ke bi ta kunna wutar kumburin a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki.

To me ke sa sinadarin ya yi yawa? Nan ne aka daɗe ana yi wa masu ciwon rashin adalci. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiransa ciwon sarakuna, mu ma nan sai ka ji ana zolayar mai shi da cewa cin daɗi ne ya yi masa yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike da Hyon Choi da abokan aikinsa suka buga a 2004 ya bi diddigin maza 47,150 har shekara 12, a cikinsu 730 suka kamu. Waɗanda suka fi kowa cin nama haɗarinsu ya ɗara na waɗanda suka fi ƙarancin ci da kashi 41 cikin 100, na masu yawan cin kifi da kayan teku ya ɗara da kashi 51. Masu yawan shan madara kuwa haɗarinsu ya ragu da kashi 44, musamman wadda aka rage wa mai. Wake da ganyaye, da ake ta hana majinyata ci, ba su ƙara haɗarin ba. A 2008 binciken ya ƙara nuna cewa mai shan lemon kwalba biyu ko fiye a kullum haɗarinsa ya haura da kashi 85. Giya ma babbar mai tayar da shi ce.

A tukunyarmu, ma'anar wannan a fili take. Hanta da ƙoda da farfesun kayan ciki su ne kan gaba wajen tayar da ciwon ga mai shi, kuma wanda ya san yana da gawut ya yi hattara da kwanakin Layya, lokacin da ake kwana uku ana soye-soye ga zafin rana ga ƙarancin shan ruwa. Nono, wanda dama an kaɗe mansa, abokin tafiya ne, in dai ba a cika shi da sukari ba. Ƙosai da alale da wake da shinkafa ba su da laifi.

Amma abinci ba shi ne uwa uba ba. A wajen mutum tara cikin goma masu gawut, matsalar ita ce ƙodarsu ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, ba wai sun fi kowa ci ba. A 2018 masana a jami'ar Otago ta ƙasar Niyuzilan suka nazarci bayanan mutum fiye da 16,000 'yan asalin Turai mazauna Amurka. Suka tarar tsarin cin abinci bai bayyana ko kashi 1 cikin 100 na bambancin yawan yurik asid tsakanin mutane ba, alhali gado ya bayyana kusan kashi 24. Shi ya sa za ka ga mahauci ya tsufa yana cin balangu bai taɓa jin komai ba, ga kuma talakan da nama sai sallah-sallah yana ɗingishi. Hana irin wannan mutum nama kaɗai a sallame shi, an bar jaki ne ana dukan taiki. Ƙiba da ciwon ƙoda suna ƙara yawan sinadarin. Haka wasu magunguna: ƙwayoyin hawan jini masu sa yawan fitsari, da firazinamaid da ke cikin maganin tarin fuka. Mata kuwa sinadarin jikinsu na mata yana taimaka wa ƙoda, don haka ba kasafai ciwon ke kama su ba sai bayan al'ada ta ɗauke.

Maganin gawut aiki biyu ne, kuma rikita su shi ne babban kuskuren da ake yi. Aiki na farko kashe wutar da ta tashi. Nan likita kan ba da kolcisin, maganin da aka samo daga wata fulawa da mutane suka yi amfani da ita tun zamanin Rumawa, ko magungunan kumburi irin su ibufurofen da nafuroksen, ko firednisolon na 'yan kwanaki. A ɗaga ƙafar, a ɗora ƙanƙara naɗe cikin tsumma, a bar tausa da tsaga. Wannan duk yana kawar da zafi ne kawai, ƙanƙarar da ke cikin gaɓa tana nan daram.

Aiki na biyu shi ne sauke yurik asid ƙasa da miligiram 6, a riƙe shi a nan, har ƙanƙarar ta narke a hankali. Babban maganin wannan shi ne alofurinol, wanda Gertrude Elion da George Hitchings suka samar a Amurka suna cikin neman hanyar ƙara wa wani maganin sankarar jini ƙarfi. An amince da shi a 1966, su biyun kuma suka sami kyautar Nobel a 1988 saboda ayyukansu na ƙirƙiro magunguna. Kullum ake shansa, ko ana ciwo ko ba a yi, galibi har iyakar rayuwa, yadda ake shan maganin hawan jini. Akan ba wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko wanda ƙulluttai suka fito masa a yatsu, gwiwar hannu ko gefen kunne, ko wanda gaɓarsa ta fara lalacewa. Yana da wani hali da ke korar mutane: a watannin farko, yayin da ƙanƙarar ke motsi, ciwon kan iya tashi fiye da da. Mutum sai ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya watsar, alhali alamar aiki ce. Saboda haka ake farawa da kaɗan ana ƙarawa bisa awon jini, a haɗa da ɗan kolcisin na wata uku zuwa shida.

Wani gwaji da aka yi a Nottingham ta Ingila, aka buga a 2018, ya fi burge ni a duk binciken nan, don ba sabon magani aka gwada ba. An raba majinyata 517 gida biyu. Kashi ɗaya suka ci gaba da ganin likita yadda aka saba, ɗaya kashin aka haɗa su da ma'aikatan jinya da suka zauna suka yi musu bayanin ciwon, suna auna jininsu suna daidaita maganin. Bayan shekara biyu, kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa bayani sun sauke sinadarin zuwa inda ake so, a ɗaya ɓangaren kashi 30 kacal. A wajen waɗanda aka yi wa bayanin, tashin ciwon ya ragu, ƙulluttan suka yi ta ɓacewa. Wannan abu ne da asibitocinmu za su iya yi ba tare da jiran kayan aiki daga waje ba, musamman da yake likitocin gaɓɓai ƙalilan ne a ƙasashenmu.

Dole a faɗi haɗarin alofurinol. Wasu 'yan tsiraru yakan jawo musu mummunan ƙurji da saɓulewar fata da ke iya kisa, yawanci a watannin farko, kuma akwai wani nau'in gado da ke ƙara haɗarin, wanda aka fi samu a mutanen gabashin Asiya da baƙar fata fiye da Turawa. Duk wanda ya fara sha ya ga ƙuraje, zazzaɓi ko gyambo a baki, ya dakata nan take ya nufi asibiti. Ba maganin da za a saya don an ji maƙwabci yana sha ba ne.

Haɗarin da ya fi yawa a cikinmu kuwa yana cikin 'yar ledar nan ta haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a kemis ko a tallan kasuwa: ja, fari, rawaya, a ce a watsa gaba ɗaya. Sau da yawa akwai diklofenak a ciki da dekzametazon. Zafi kam zai tafi, shi ya sa ake komawa. Amma shan su wata da watanni yana huda ciki, ya ɗaga hawan jini da suga, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi, ya ci ƙoda. Ƙodar da ta raunana kuma ta ƙara kasa fitar da yurik asid, ciwon ya ƙaru, a ƙara shan ƙwaya.

Kumburarriyar gaɓa mai zafi da ta zo da zazzaɓi da rawar ɗari tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, wadda ke lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki. Wannan ba ta jiran gobe. In kuwa yatsanka ko idon sawunka ya taɓa tashinka da dare irin yadda aka bayyana, je asibiti ka nemi a auna maka yurik asid da lafiyar ƙoda, da hawan jini da suga. Awon da aka yi ana tsakiyar ciwo kan iya nuna komai daidai, don haka a maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawarsa. Ka tafi da duk magungunan da kake sha likita ya gani da idonsa, har da na haɗin, kuma kada ka daina maganin hawan jininka da kanka.