Kano: A keɓe hanya kafin gari ya iso

A watan Janairun 2022, lokacin da 'yan adaidaita sahu suka tafi yajin aiki a Kano kan kuɗin sabunta rajista, mutanen gari sun ga abin da suka daɗe ba su lura da shi ba. Tituna sun yi fayau, amma gefensu ya cika da masu tafiya a ƙafa: ɗalibai, ma'aikata, 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa, mata da goyo a baya. Waɗanda suka yi sa'a sun ɗare bayan 'yar ƙurƙura ko motar ɗaukar kaya. 'Yan kwanakin yajin aikin sun nuna cewa birni mai miliyoyin mutane ya rataya zirga-zirgarsa kacokan a kan babur mai ƙafa uku, kuma babu wani abin hawa da zai maye gurbinsa idan ya tsaya.

Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Adaidaita sahu ta shigo ne a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, domin mata su samu abin hawa maimakon acaɓa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Masu acaɓa suka koma adaidaita, motocin hayis da tasi suka yi ta raguwa, har abin da aka kawo don biyan buƙata guda ya zama shi ne sufurin gari. Kowane mataki an ɗauke shi ne don maganin matsalar ranar, babu wanda aka ɗauka da tunanin yadda Kano za ta kasance bayan shekara talatin.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara takan ninka cikin kimanin shekara 23. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma duk wanda ya san Rijiyar Zaki, Mariri, Bachirawa ko Ɗorayi a wancan lokacin ya san inda gonaki suke a da, ya kuma ga abin da ya hau kansu yau. Mutum sittin za su shiga babbar bas guda. Idan adaidaita za ta kwashe su, uku-uku, sai an samu guda ashirin, kowacce da injinta, da hayaƙinta, da tsayawarta a inda fasinja ya ɗaga hannu. Faɗin titi bai ƙaru ba, abin da ke hawansa ne yake ninkawa.

Amsar da gwamnatocinmu suka fi bayarwa ita ce gada. An yi ta Ƙofar Nassarawa, an yi ta Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro, an haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya. Ban ce ba su da amfani ba, domin wanda ya san gosulon shatale-talen Dangi a da zai shaida an samu sauƙi. Sai dai masana sufuri sun daɗe da lura da wani abu: idan aka buɗe hanya ta yi sauƙi, sai ƙarin ababen hawa su biyo ta, mutane su ƙara yin nisa da gidajensu tunda tafiyar ta ragu, bayan 'yan shekaru cunkoson ya dawo, ko ya koma mahaɗar gaba. Gada tana warware ƙulli guda ne a jikin igiya. Kuma ta fi yi wa mai mota aiki, alhali mafi yawan Kanawa ba su da mota.

Abin da ya fi tsada a harkar sufurin birni shi ne ƙasar da za a bi. Bas ana iya sayenta cikin wata shida, jirgin ƙasa ana iya cin bashinsa, amma filin da aka yanka aka gina, sai da diyya da kuka da shari'a ake dawo da shi. A nan ne Kano take asara kullum ba tare da an ji ƙara ba. Yawancin sababbin unguwanni awon igiya ne: mai gona ya kira dillali, a yanka fuloti-fuloti, a bar lungu da ƙyar mota ɗaya za ta wuce. Kafin hukumar tsara birni ta iso, an yi rufi, an tare, an gina masallaci da Islamiyya. Unguwar da aka yi haka, babbar bas ba za ta taɓa shigarta ba, ko da gwamnati ta sayi dubu. Mazaunanta sun zama na adaidaita har 'ya'yansu, kuma su ne za su fi kowa biyan kuɗin mota, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, lokacin da wasu suka fara auna ko albashinsu zai kai su wurin aiki har ƙarshen wata.

Birnin Kuritiba na ƙasar Brazil ya yi suna ne saboda ya gane wannan da wuri. A 1965 ya kafa cibiyar tsara birni wadda aikinta ba ya ƙarewa da wa'adin mai mulki. Aka zaɓi wasu manyan hanyoyi da ke fita daga tsakiyar gari, aka ware tsakiyarsu ga bas kaɗai, aka ce dogayen gine-gine a gefen waɗannan hanyoyi za a yi su, domin jama'a su taru inda abin hawa yake. A 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, bas ta farko ta fara bin layinta. Ba su da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa a lokacin, amma sun riga gine-gine kama hanya.

Legas ta ɗanɗana ɓangarorin biyu, na rashin shiri da na shiri. Jirgin cikin gari da Lateef Jakande ya faro a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka yi shekara kusan arba'in kafin Legas ta ga irinsa. Abin da ya sauya labarin shi ne kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002, wadda ta riƙe taswira ɗaya gwamna bayan gwamna. A 2008 ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. Layin jirgi na farko, daga Marina zuwa Mile 2, sai a Satumban 2023 ya fara ɗaukar fasinja, bayan fiye da shekara goma ana aiki. Na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fi saurin kammaluwa, kuma daga cikin dalilan har da cewa ya bi filin layin dogon da yake nan tuntuni.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911. Tsohon layin dogo ya ratsa ta Sharaɗa da Chalawa ya nufi Zariya, ɗaya reshen kuma ya fita ta Jogana ya nufi Ringim da Nguru. Wannan hanya ce keɓaɓɓiya da ta ratsa cikin gari, irin wadda wasu birane ke kashe dukiya mai yawa kafin su samu. Ina ganin kare ta daga masu cin iyaka da masu kafa rumfuna ya fi kowace sabuwar yarjejeniya gaggawa. Mun ga yarjejeniyar 2016 ta jirgin cikin gari, ta dala biliyan 1.85 da wani kamfanin China, layi huɗu, kusan kilomita 74, wadda gwamnatin da ta sa hannu ta sauka a 2023 ba a shimfiɗa ƙarfe ba. Da a waɗancan shekarun an shata hanyoyin kawai, an kafa duwatsun iyaka, an hana gini a kansu, da yau akwai abin da za a nuna.

Siffar Kano ma ta taimaka. Manyan titunanta sun fita ne kamar yatsun hannu: na Zariya, na Maiduguri, na Haɗeja, na Katsina, na Gwarzo, na Panshekara. Kowannensu yana da kasuwa ko makaranta da ke jawo dubban mutane kullum, irin su Dawanau, 'Yankaba, 'Yan Lemo da Jami'ar Bayero. Gari mai irin wannan shimfiɗa ya dace da manyan bas masu layinsu a tsakiyar titi, da tashoshi tsayayyu, da lokacin tashi sananne.

To ina makomar ɗan sahu? Tambayar tana da nauyi, domin bayan kowace adaidaita akwai direba da ke neman balas, da mai ita, da bakanike, da iyali. A ƙarshen 2022 an gwada hana adaidaita bin wasu manyan tituna, aka janye dokar nan da nan saboda motocin da aka tanada a madadinsu ba su isa ba. Tsarin da zai ɗore shi ne wanda ya raba aiki: bas ta ɗauki doguwar tafiya, adaidaita ta kwaso mutane daga lunguna zuwa tasha, ƙungiyoyinsu kuma su samu hannun jari a kamfanonin bas ɗin, direbobinsu su zama farkon waɗanda za a horar.

Kano ta taɓa yin shiri mai dogon zango. Wani tsari da ake kira Tsarin Trevallion ya zana yadda birnin zai bunƙasa daga 1963 zuwa 1983, kuma garin ya daɗe da wuce iyakar da aka hango masa. Na yanzu, idan za a yi shi, dole ya haɗa har da Dawakin Kudu, Gezawa, Dawakin Tofa da Tofa, domin can garin yake tafiya. A Tamburawa, da Janguza, da gefen titin Gezawa, har yanzu akwai gonakin da za a iya ware faɗin mita arba'in ko hamsin a cikinsu da kuɗin gona, kafin su koma kuɗin gida. Dillalai suna can da igiyarsu tun da safe.