Sanarwar Gwamnati a Lokacin Annoba: Misali daga Briqueterie, Yawunde

A ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Kamaru. Daga nan Ministan Lafiya, Manaouda Malachie, ya riƙa fitar da alƙaluman masu cutar a shafinsa na Twitter, galibi da Faransanci. Ranar 17 ga watan, Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya bayyana matakai 13, ciki har da rufe iyakoki da makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne hanyar da irin wannan saƙo yake bi. Harsunan hukuma a Kamaru biyu ne, Faransanci da Ingilishi, alhali a Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, mutane da yawa da Hausa ko Fillanci suke harkokinsu. Ga shi kuma dokar mutum 50 ta shafi sallar Juma'a kai tsaye. Ke nan aikin ya koma kan mai fassara, ko limami ne ko ɗan makaranta mai wayar hannu.

A ɗauki "mesures barrières", kalmomin da suka cika sanarwoyin lokacin. In aka ce "matakan shinge", dattijo zai zaci katanga ake nufi. Sai an warware masa: wanke hannu da sabulu, barin musafaha, da ba da tazara a sahu.