Jiragen ruwan yaƙin da suka tsaya a takarda

Duk matashin da ya taɓa buga wasan kwamfuta na World of Warships ya ci karo da jirgin Faransa mai suna Alsace. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, jirgin bai taɓa shiga ruwa ba. An tsara shi, Jamus ta mamaye Faransa a 1940, aikin ya mutu a kan takarda.

Irin waɗannan jirage ne abin sha'awar masu zanen "da a ce", waɗanda ke ƙirƙiro jiragen da wataƙila da an ƙera tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

Mafarin labarin shi ne yarjejeniyar Washinton ta 1922. Amurka, Birtaniya, Japan, Faransa da Italiya, waɗanda gasar ƙera jirage ke cinye wa baitulmali, suka amince kada sabon babban jirgi ya wuce tan 35,000, bakin igwarsa kuma kada ya wuce milimita 406. Nan take Birtaniya ta soke jirage huɗu samfurin G3, kowanne mai nauyin sama da tan 48,000. Amurka ta mayar da Lexington da Saratoga masu ɗaukar jiragen sama. Japan ta so yin haka da Amagi, amma girgizar ƙasar 1923 ta lalata shi.

Tambayar masu zanen ita ce: da ba a sa hannu ba fa? Amsar ba ta zuwa da son rai. Wanda ya ƙara kaurin sulke ya ƙara nauyi, gudu ya ragu. In yana son gudun, sai ya ƙara inji da mai, jirgin ya tsawaita, kuɗi su ƙaru. Shi ya sa wasu ke auna zanensu da manhajar SpringSharp kafin su nuna shi.

Yarjejeniyar ta ƙare a ƙarshen 1936 bayan Japan ta janye, aka kuma fara ƙera Yamato mai igwar milimita 460. A Afrilun 1945 jiragen saman Amurka suka nutsar da shi. Masu ɗaukar jiragen sama, waɗanda a 1922 aka ɗauka dabarar ceton jiragen da aka soke ce, su ne suka gaje teku.