Bututun iskar gaz: mene ne rabon talaka?

A shekarar 2002 kamfanin man Nijeriya, NNPC, da na Aljeriya, Sonatrach, suka ƙulla niyyar shimfiɗa bututun iskar gaz wanda zai keta Sahara. Ran 3 ga watan Yuli na 2009 ministocin Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar a Abuja, sa'an nan aka sake jaddada ta a birnin Aljas cikin Yuli na 2022.

Bisa ga tsarin, bututun zai taso daga Warri ya ƙare a Hassi R'Mel, watau tsawon kilomita 4128, daga ciki 841 a ƙasar Nijar. Kowace shekara zai iya ɗaukar gaz har mita kub miliyar 30. Daga Aljeriya akwai waɗansu bututai da suka ratsa teku zuwa Italiya da Sifen. Tun da yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke a 2022, Turawa suka shiga neman gaz a wurin da ba Rasha ba, don haka maganar ta sake tasowa.

To, ina ruwan manomin Dogondutsi ko na Tibiri da wannan aiki? Ruwansa babba ne, domin mutanen jahar Doso sun ɗanɗana abin da ake nufi da dogara ga makwabci. Wutar lantarki mai zuwa Doso da Yamai daga Birnin Kabi take fitowa. Da Nijeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai injin niƙa ya tsaya, mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara ya rasa na cefane. Ba a maido da wutar ba sai a watan Maris na 2024. Haka kuma bututun ɗanyen man Agadem, wanda ya ratsa jahar Doso zuwa gaɓar tekun Benin, ya gamu da cikas a 2024 saboda saɓanin ƙasashen biyu.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A ƙarshen Oktoba na 2021 Aljeriya ta daina tura gaz ta bututun da ya bi ta Maroko, ƙasar Maroko ta rasa kuɗin fito da gaz ɗin da take samu. Zani na aro ba ya rufe katara.

Saboda haka kuɗin fito kaɗai ba zai wadatar da ƙasar da bututu ya ratsa ba. Wajibi ne yarjejeniya ta yanka mata nata kason gaz, wanda za ta juya shi ya zama lantarki a gida. Matatar Soraz ta Damagaram tana samar da gaz na dahuwa tun 2011, amma har yanzu yawancin matan ƙauyukan Arewa da itace da karan hatsi suke tuwo, itatuwan Dallol Mawri kuwa suna ta raguwa.

Ya kamata ma'aikatan da ke zaman shawara da sunan ƙasa su riƙe wannan a zuci. Talakawa kuma, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, haƙƙinsu ne su tambayi magabata: a cikin abin da zai wuce, nawa ne zai tsaya a gida?